Murhun Innata a Masauki

An karanta mini wata takarda da 'yan kwamitin unguwar Masauki suka buga, wai tarihin wurin. A ciki suka ce kafin a gina gidaje wurin fili ne fetal, babu kowa babu komai, sai daga baya ci gaba ya zo. Na sa aka maimaita mini wurin nan sau biyu don kada in ɗauki alhakin mutane. Haka yake a rubuce. Babu kowa, in ji su. To ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma bakina na nan kuma hankalina bai gushe ba. Ɗiyar ƙanwata da ke koyarwa a Kurfi ta zauna da biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Masauki yana gefen hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi. Tun ban san dama da hagu ba ake ɗora ni kan jaki a kai ni can. Wani malami ne ya fara abin, mu dai Malam muke ce masa, ba mu taɓa kama sunansa ba. Ya ga manoma da makiyaya ba su da sukunin karatu da damina, sai ya ce idan an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, kowa ya zo a zauna kwana goma a ji abin da Allah ya ce. Ya roƙi fili aka ba shi wani fako da ko gero ba ya yi, maza suka haƙa rijiya. Mutanen Dabawa su zo, na Makera su zo, mu na ƙauyukan Kurfi mu zo, Fulani su saki shanu a gonakin da aka girbe su zo. Kowane gida da karansa da zanarsa. Kafin la'asar ɗin ranar farko gari ya tashi, bukkoki sun zagaye wata tsamiya, kowace ƙofa tana kallon tsakiya. A gindin tsamiyar Malam ke shimfiɗa buzu, maza a gabansa, mu mata a bayan zana muna ji muna tsince wake. In kwana goma sun cika a kwance komai, a yafi juna, kowa ya kama hanyarsa.

Dokar Malam biyu ce. Ba a kafa abin da ba za a iya kwancewa a yini ɗaya ba. Tsakiya kuma ba ta kowa ba ce, duk tukunyar da aka sauke, akushin farko can za a kai, wanda ya ga dama ya ci.

Ga abin da masu takarda ba su sani ba, ko suka sani suka haɗiye. In an kwashe bukkoki, damina ta wanke wurin, ciyawa ta rufe, ta yaya kowane gida ke gane wurinsa baɗi? Wannan ba aikin maza ba ne. Namu ne. Kowace mace, shekarar da ta fara zuwa, da duwatsun murhunta uku take zuwa daga garinsu. Ranar tashi, bayan girkin ƙarshe, sai ta haƙa rami daidai inda ta yi girki, zurfin kamu ɗaya, ta jera duwatsun yadda suke zaune, ta zuba tokar kwana goman a kai, ta mayar da ƙasa ta tattake. In aka bar su a sama shanu su ture, mai wucewa ya kwashe, shi ya sa. Shekara na zagayowa, kafin a kafa ko kara ɗaya, mata ke fara shiga fili da fartanya. Tonon murhu muke ce masa. Maza na tsaye a bakin fili da kaya a ka, har Malam da buzunsa a kafaɗa, ba mai sauke komai. Inda mace ta tono toka ta ga duwatsunta, sai ta rangaɗa guɗa, mijinta ya taho da kara. Nan ne bukkarsu. Ban taɓa ganin an yi faɗan wuri a Masauki ba, ko sau ɗaya. Wa za ta yi musu da toka?

Na Innata biyu baƙaƙe ne, daga dutsen bayan ƙauyenmu. Na ukun ja ne, da tsaga a gefe, na uwarta ne ita ma. Inna ce ta koya mini awon: ki ba rijiya baya, ki fuskanci gabas, taku goma sha bakwai. Inna gajera ce. Da na yi tsawo na gwada, ni sha biyar ke kai ni, ta ce to ƙafar raƙumi, riƙe naki. Da ta rasu na gaji wurin. A kan duwatsun nan na yi wa mijina tuwo, na yi wa 'ya'yana, na yi wa jikokina.

Yadda bukka ta zama bulo kuwa, ni a gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba. Wata tsohuwar Bafulatana ce ta fara kwantawa ciwo ranar tashi, ba ta ɗaukuwa. 'Ya'yanta suka yaɓe mata bukkar da laka don kada ruwa ya same ta, suka ce in ta cika a nan sai su rushe. Malam ya kawar da kai. Matar nan ta warke sarai, ta ce ita ruwan rijiyar ya karɓe ta, ba inda za ta. Sai da ta binne biyu daga cikin 'ya'yan da suka yaɓe mata ɗakin. Daga ita sai Malam kansa, tsufa ya kama shi, hawa jaki ya gagara, almajiransa manya suka yi masa ɗaki na ƙasa, ya ce na shekara ɗaya ne. A ciki ya rasu. 'Ya'yansa suka yi zaure, suka yi masallaci, suka auro mata, matan suka ce su ba za su zauna ba katanga ba. Katanga ta farko ke nan da ta juya wa tsamiya baya.

Aka zuba kwalta. Makarantu suka yawaita a Dutsin-Ma, ma'aikata suka cika gari suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Daga baya tashin hankalin daji ya koro mutane daga ƙauyuka da tabarminsu a ka. Waɗannan ban ga laifinsu ba, wanda aka kora dole ya sauka wani wuri. Mu dai muna zuwa, kowace shekara da'irar na tsukewa. Kwana goma ya koma bakwai, bakwai ya koma uku. Aka sare tsamiya wai tana zubar da ganye a kan motoci. Karatu ya koma cikin masallaci da lasifika. Amma ɓangarenmu na gabas da rijiya yana nan a buɗe, muna tono, muna kafawa.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce tsohuwa ta wanke kanta. Shekara uku da suka wuce, da tsakiyar damina, ina gona ina cirar ciyawa a gyaɗa, aka aiko mini cewa jikan Malam, wanda yanzu shi ke riƙe da wurin, yana kiran taro a kan rabon fulotai, duk mai wuri ya zo. Ko miƙewa ban yi ba. Na ce wa ɗan saƙon, je ka ce masa murhuna na nan. A wurina na ba da amsar da ta rufe magana. Haka ƙawata 'yar Makera ta aika, haka sauran mata suka aika, ba tare da mun haɗa baki ba. Su kuwa suka kawo masu igiyar awo a cikin damina, ciyawa ta kai ƙugu, duwatsunmu na ƙasa kamar yadda suka saba. Masu awo baƙi ne, suka duba suka ga fili, suka auna fili. Su ban riƙe su ba. Amma jikan Malam yana tsaye a wurin. Uwarsa ta yi tonon murhu yana goye a bayanta. Ya san abin da ke ƙarƙashin takalminsa, ya yi shiru.

Da kaka muka zo muka tarar da wasu turakun siminti masu lamba a tsakaninmu. Ban tambaya ba. A kan ɗaya ma nake kife ƙwaryata ta bushe, na ce kai, an yi mana dabara.

Bana, ni da 'yar Makera muka sa akori-kura ta kwaso mu da karanmu da zana da tukwane. Muna sauka na rasa gabas. Inda muke kafa bukkoki jerin shaguna ne, bayansu doguwar katanga da get shuɗi. 'Yar Makera ta tsaya tana duban wani shagon sayar da magani, ta ce mini, "Yaya, nawa yana ƙarƙashin kantar can." Ko sauke kayanta ba ta yi ba. Ta koma cikin motar ta rufe fuska da mayafi. Na ce ta sauko mu je mu ji dalili, ta ce ita ba ta da sauran ƙarfin jin dalili. Motar ta juya da ita.

Ni na saɓa fartanya na nufi zauren jikan Malam. Yana zaune cikin mutanensa, ya ga ni ya washe baki.

"Iya, sannu da hanya. Ai an tanadar muku aji guda a Islamiyya, har da fanka. Abinci ma kada ki wahalar da kanki, a roba za a riƙa kawowa."

"Ni na ce maka yunwa ta kawo ni?"

"A'a, Iya, sauƙi ne aka kawo muku."

"Wa ya gina katanga a kan murhun uwata?"

Ya gyara hula. "Wannan fulotin wani Alhaji ne, ma'aikaci, ya saya da takardunsa. An kira taro, Iya, ba ki zo ba. In kina da takarda ki kawo a duba."

Na ce, "Ina da fartanya."

Mutanensa suka kwashe da dariya. Wani mai ƙaton ciki ya ce, "Iya za ta yi noman rani a gidan Alhaji."

Na ce, "Kai, ban da lokacinka, je ka fara nome wannan tudun da ke gabanka." Dariyar ta koma kansa. Na juya ga jikan Malam. "Kakanka da ya fi ka karatu ya fi ka gemu, tsayawa yake da buzu a kafaɗa sai uwata ta gama tono. Kai wane ne da za ka tambaye ni takarda? Tashi mu je."

Ya tashi, ba don ya yarda ba, don muryata ta fara tara mutane a ƙofar zaure.

Alhajin mai gidan dattijo ne mai sanyin magana, ba ɗan yankinmu ba. Aka yi masa bayani yana kallona kamar an kawo masa mara lafiya. Matarsa Hajiya ta leƙo daga ƙofar ɗaki. Tsakar gidan ba a zuba siminti ba tukuna, ga yashi an tara, ga buhuna a jingine. Ya ce, "Iya, ni ban san da wannan magana ba. Amma bismillah, duba."

Rijiyar tana waje, an rufe bakinta an sa famfo. Na je na ba ta baya, na fuskanci gabas. Na daɗe ban ƙirga ba, shekaru da yawa ido ke kai ni, akwai wani suri da wata sabara da nake gane wurin da su. Duk an baje. Na taka shida na ci karo da katanga. Na ba katangar taku ɗaya, na zagaya ta get, na ɗora daga ciki. Sha biyar. Na duƙa na fara sara.

Magina sun yi ciko, ƙasar ta ƙaru a kan yadda na bar ta. Na wuce kamu ɗaya, na kusa biyu. Jar ƙasa kawai. Gumi na shiga mini ido. Dariyar ma aka daina, kuma wallahi gara dariyar. Na ji jikan Malam na cewa ƙasa-ƙasa, "Tsufa ne, a yi mata haƙuri." Alhaji ya ce, "Iya, rana ta take, zo ki sha ruwa."

Na zauna a bakin ramin ina kallon ƙafafuna, sun kumbura, gwiwa ta ƙi miƙewa. A nan na gane. Sha biyar takun budurwa ne mai doguwar ƙafa. Wadda ta taka yau ba ita ba ce. Na dafa fartanya na miƙe, na ƙara taku biyu, na cika na Inna. Sara na farko, na biyu, ban kai ga ƙirga na goma ba bakin fartanya ya fito fari. Toka.

Hajiya ta ce, "La ilaha illallahu," ta fito ba ko takalmi. Na ajiye fartanya na sa hannu. Baƙi, baƙi, ja mai tsaga. Suna zaune yadda na jera su bara. Na buɗe baki in yi guɗa, sai na fasa. Wa zan kira ya taho da kara?

Na ɗaga kai ina jiran in ga kunya a fuskar jikan Malam. Sai ya ce, "Allahu akbar! Wannan ai tarihi ne. A ɗauki hoto. Iya, ki ba mu su mu wanke mu ajiye a gilashi a ofishin kwamiti, baƙi su riƙa gani."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "A gilashi? Ka ga sun yi maka kama da abin kallo? Tukunya ake ɗora musu! Ɗazu babu su, yanzu sun zama tarihi. In ka taɓa su da hannunka sai na tara maka garin nan."

Alhaji ya shiga tsakani. "Iya, gaskiyarki ta fito, ba mai musu. Amma gida an riga an gina, iyalina na ciki. Bayan an tashi daga karatun nan magina za su zuba siminti. Ki ɗauki duwatsunki, in sa direba ya kai ki har ɗakinki."

"Ban zo ɗauka ba, Alhaji. Girki na zo yi."

"A nan? Ga kicin can da gas, ki shiga ki yi yadda kike so."

Hajiya ce ta ce, "Alhaji, a bar ta." Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to, amma ban da bukka, yana tsoron gobara.

Haka na yi kwana uku ina girki a tsakar gidan mutumin da ban sani ba, karan da na kawo don bukka na mayar da shi makamashi. Zana ɗaya na jingina ta tare mini rana. Hajiya ta ba ni ɗaki, kullum da safe ta ɗebo mini ruwa ta zauna a kan buhun siminti tana tambaya, ina nuna mata da muciya: can ƙarƙashin garejinku na wata 'yar Dabawa ne mai yawan yaji, can inda kuka sa tankin ruwa na matar mai kiran salla ne. Ta ce ita tun da suka tare take mamakin toka a ramin shuka.

Ranar farko da na sauke tuwon dawa da miyar kuka, na cika akushi na ɗauka na nufi tsakiya. Tsakiyar yanzu wurin ajiye motoci ce. Na auna inda tsamiya take da ido, na durƙusa na ajiye tsakanin motoci biyu. Mai gadi ya ce, "Iya, za a take miki." Na ce a take. Na koma gefe na tsaya. Aka fito daga karatu, ana ta miƙa wa mutane shinkafa a roba. 'Yan unguwa suna ratse akushina suna wucewa, wani har ya ce wa ya yi sadaka a hanya. Sai wasu tsofaffi uku, 'yan ƙauye irina, suka tsaya. Ɗaya ya ajiye robarsa a kan mota, ya tsuguna, ya buɗe akushin. Ya ce, "Na wane murhu ne?" Na ce, "Gabas da rijiya." Ya ce, "Na gajeriyar nan ta Kurfi? Allah ya jiƙanta." Suka wanke hannu suka cinye tas. Daga cikin duk taron nan, mutum uku.

Rana ta uku na yi girkin ƙarshe. Direban Alhaji ya kawo mota bakin get, ya shimfiɗa buhu a but ɗin motar don duwatsu. Na jira suka huce. Na gyara ramin, na jera su, ja a wurinsa, na zuba tokar kwana uku, 'yar kaɗan, ko rufe su ba ta gama yi ba. Na mayar da ƙasa na hau tattakewa.

Alhaji ya ce, "Iya, kin san fa gobe siminti."

"Na sani."

"Ba za ki ƙara ganinsu ba."

"In na ɗauke su, na zama wadda ta tashi. Ni ban tashi ba, Alhaji. Rufe ni aka yi. Ka zauna da sanin haka."

Ranar tashi ranar yafiya ce, wannan kam ba su soke ba. Na yafe wa Hajiya, ta riƙe hannuna tana hawaye. Na yafe wa Alhaji, shi saya ya yi. A bakin hanya jikan Malam ya tare ni da mutanensa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Iya, an tashi lafiya, a yafi juna."

Na ce, "Kai ka yafe mini in na yi maka."

"Na yafe, Iya. Ke fa?"

"Ka je Makera ka fara tambayar wadda ko sauke kayanta daga mota ba ta yi ba. In ta yafe, ka zo Kurfi ka same ni."

Har yau bai je Makera ba, na tambaya.

Washegari aka zuba simintin, Hajiya ta aiko mini. Babban ɗana ya ce ai shi ke nan, baɗi sai in zauna gida in huta, dama ƙafar ba ta da kyau, karatun ma ana sawa a rediyo. Na ce masa ya bar mini maganar baɗi, ban gama fushin bana ba.